Smaranda da Takarda Mai Taurari

Shekaru da yawa ɗaki ɗaya muke haya ni da Doamna Smaranda, wato Uwargida Smaranda, a bayan tsohuwar kasuwar garin Tecuci, tsakanin mai gyaran takalma da wata mai sayar da furannin kai wa makabarta. Rabin da ke bakin ƙofa nawa ne, nan nake gyaran firinta. Rabin ciki nata ne: tebur ɗaya, kwamfutoci uku da duk sun sha jiki, da wata hita mai ɗumama ƙafa ɗaya ta bar ɗaya. Ni sunana Aurel, ita Nea Aurel take ce min, wato Malam Aurel. Yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

'Yar ma'aikacin jirgin ƙasa ce. Lissafi ta karanta a Iași, gwamnatin gurguzu ta wancan zamani ta turo ta ofishin kwamfuta na masana'antar gwangwani, lokacin da kwamfuta ɗaya ke cinye ɗaki guda. Da mulki ya sauya, masana'antar ta shiga mutuwa a hankali, abokan aikinta suka watse, wasu Kanada, wasu Jamus. Mijinta ya tafi Italiya aikin gini da alkawarin ba zai daɗe ba. Ya yi ta aiko da katin gaisuwa duk Ista, har katin ma ya daina zuwa. Ita ba ta je ko'ina ba, ga mahaifiya a kwance, ga 'yarta Ilinca tana makaranta.

Sai ta koma rubuta wa ƙananan masu sana'a manhaja. Ta yi wa gidan burodi, ta yi wa kantunan magani biyu, da ofishin makabarta, da ƙungiyar masu tara madara, da ɗakin gwajin jini na wani likita mai zaman kansa. Duk kamarsu ɗaya, shuɗin allo da fararen haruffa, komai da madannai ake yi. Ba su da kyan gani, amma ba sa tsayawa, mutane kuma suka saba da su kamar yadda ake sabawa da tsohuwar ƙofa mai ƙara.

Wahalar ta zo daga baya. Babbar manhajar ajiye bayanai da ta gina duk aikinta a kai ta yi ta samun sababbin fitowa, nata suna nan inda ta bar su. Ga shi kuma kusan duk shekara sai an sauya yadda ake son takarda ta fito. Yau a sa tambari a sama, gobe a ƙara layi a ƙasa, jibi a ce sunayen mutane su fito da haruffanmu masu hula da masu wutsiya, waɗanda tsohuwar manhaja ke bugawa kamar ƙananan akwatuna. Sabuwar ta iya duk wannan cikin sauƙi. Amma babu mai son sabuwar. Tanti Veta, wato Inna Veta, mai kula da takardun gidan burodi tun ina saurayi, ta ce ita yatsunta sun haddace tsohuwar, ko ido rufe za ta yi aikinta, duk wanda ya taɓa mata allo to ya zo ya zauna a kujerarta.

"Takardar kawai za ki sabunta min, Smaranda," in ji ta. "Sauran ki bar min kayana."

Haka kowa ya ce, kuma haka aikin Smaranda ya koma. Ta zana takardar a sabuwar manhaja, sannan ta zauna ta yi ta rage mata, tana cire duk abin da tsohuwar ba za ta gane ba, ta haɗa wata 'yar hanya da tsohuwar za ta miƙa bayanai a buga da sabon fasali. A baki abu ne mai sauƙi. A aikace kuwa, ta gyara gefen dama na hagu ya goce. Ta daidaita a kan kwamfutarta, a kai shagon mai ita layin ƙarshe ya faɗa shafi na biyu shi kaɗai. Firinta mai allura ta buga daban, mai leza ta buga daban. Sau nawa na ɗago kai na gan ta tsaye a bakin taga, ta haɗa takarda biyu tana hasko su da rana, da rula a hannu, tana neman inda layi ya kauce.

Ba ta ƙorafi da ƙarfi. Sai dai ta cire tabarau, ta dafe idanu da tafin hannu, ta daɗe a haka. Ilinca ta girma ta zama mai rubuta manhaja ita ma, a wani babban kamfani a Cluj, duk ta bugo waya sai ta ce wa uwarta kwalliya take yi wa gawa. Smaranda ta ce gawar ce ke fitar da takardar burodin garin nan kullum da safe. Su yi dariya, ta ajiye waya, dariyar ta ɗauke daga fuskarta nan take.

A shekarar da ƙasarmu ta shiga Tarayyar Turai aka buƙaci ɗakin gwajin jini ya sauya takardar sakamako. Smaranda ta yi aikin a ƙarshen bazara. Akwai wani hali na sabuwar manhaja da ta sani sarai: haruffanta sun fi na tsohuwar cin wuri kaɗan, kuma in lamba ta fi ƙarfin gurbin da aka ware mata, ba a yanke ta, sai a buga jerin taurari a madadinta. Don haka ta bi gurabun ta faɗaɗa su, ta gwada da sakamakon da Mioara, ma'aikaciyar ɗakin gwajin, ta ba ta. Komai ya fito daidai. Abin da bai zo mata a rai ba shi ne, duk sakamakon da ta gwada da su na masu lafiya ne ko masu ƙaramin ciwo. A gwajin ƙoda, yawancin mutane lamba ɗaya ce ke gaban waƙafi. Wanda ƙodarsa ta kusa tsayawa ne ke kai lamba biyu. Gurbin nan bai ɗauki lamba biyu ba.

Kaka ta yi nisa lokacin da Mioara ta bugo waya. Ta ce wata takarda ta fito da taurari a layin ƙoda, ko firinta ce? Ni na ɗauki wayar, na ce firinta ba ta ƙirƙiro tauraro da kanta, na miƙa wa Smaranda. Ta saurara, ta yi tambaya ɗaya, ta ɗauki jaka ta fita ko kot ba ta ɗauka ba.

Gyaran bai ɗauke ta lokacin shan kofi ba. Abin da ya ɗauke ta wuni shi ne bin duk sakamakon da aka buga tun ranar da ta sauya takardar, don ta ga su wa suka tafi da taurari. Mutum uku ta samu. Biyu likitocinsu sun bugo tun a lokacin sun tambayi lambar, an karanta musu daga allo, ba wanda ya kawo a ransa ya faɗa mata. Na ukun wani tsoho ne, Moș Dumitrache, wato Baba Dumitrache, daga wani ƙauye can bayan tuddan inabi. Ranar kasuwa ya zo, mutane cike, Mioara ta ninke takardar ta sa a ambulan ta miƙa masa don ya kai wa likitan ƙauyensu. Babu wanda ya sake jin ɗuriyarsa, kuma ba shi da waya. Makonni sun wuce.

Mioara ta yi ta kuka tana cewa laifinta ne da ba ta duba ba. Smaranda ta ce mata ta share hawaye, ba ita ta auna gurbin ba. Mai ɗakin gwajin ya rubuta takardar tura mara lafiya asibiti, ya ce zai sa a kai ta hannun direban bas ɗin ƙauyen. Smaranda ta ce da kanta za ta kai. Ta dawo shago ta tsaya a kaina, ta ce, "Nea Aurel, motarka tana tashi?"

Washegari da safe muka kama hanya. An yi ruwa, daga inda kwalta ta ƙare laka ce har gindin mota. Duk tafiyar ambulan ɗin na kan cinyar Smaranda, ta dafe shi da hannu biyu.

Mun same shi a tsakar gida, zaune a kan kututture yana ɓare masara. Tsoho ne dogo, fuskarsa ta yi wani irin fari-fari kamar kakin zuma, ƙafafunsa sun kumbura har sai da ya tsaga takalmansa ta sama kafin su shiga. Yana aiki yana tsayawa ya sosa hannu. Matarsa Safta ta leƙo daga ɗakin girki da ludayi a hannu.

Da ya ji daga ɗakin gwaji muke, sai ya washe baki. Ya ce ai ya ga sakamakonsa tun a cikin bas, ya buɗe ambulan ya duba. Lambobin dai bai gane su ba, amma ya ga an jera masa taurari, shi kuwa ya san kwalbar barasa mai tsada ce ake yi wa taurari. Ya dawo gida ya ce wa tsohuwa ta daina damunsa da zancen likita, ga shi an ba shi shaida. Ga masara na jira a gona, wa ke da lokacin bin layi?

Smaranda ta tsuguna a gabansa, cikin lakar, ta buɗe sabuwar takardar ta nuna masa layin. Ta yi masa bayani a hankali, ta ce taurarin ba yabo ba ne, lamba ce ta yi girma ta kasa shiga wurinta, kuma lambar na nufin ƙodarsa na cikin hatsari, yau ya kamata ya kwana a asibiti.

Ya dube ta da kyau. "Ke likita ce, doamna?"

"A'a. Ni ce na tsara takardar. Ni na yi kuskuren."

"To takardar ce ta ɓata min ƙoda?"

"A'a. Amma da ta fito daidai, da tuni ana yi maka magani."

Ya jinjina kai, ya ɗauki wata masarar ya ci gaba da ɓarewa. Ya ce saniya fa, wa zai tatse ta, hannun tsohuwa ya daina matsa. Ya ce a bari ya gama wannan tarin. Ya ce mu shiga mu ci mămăligă, tuwon masararmu, da cuku tukuna, ba a zuwa gidansa a koma da yunwa.

Safta ta ajiye ludayin. Ta koma ciki, muka ji tana buɗe akwati. Da ta fito da jaka a hannu, ta sa masa rigar barci da reza da gilashin karatu, ta ɗora masa hularsa ta fita a ka.

"Tashi, tsoho. Saniya ba ta fi ka ba."

Ni ta kawo wa kujera in zauna kafin ya shirya. Ba ta kawo wa Smaranda ba. Da za mu shiga mota ne ta tsaya a gabanta, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Tun yaushe nake ce masa ƙafar nan ba lafiya ba, yana nuna min takardarki."

Smaranda ta ce, "Na sani, tanti."

Birnin Galați muka kai shi. A hanya ya ba mu labarin zamanin da yake tuƙa tarakta a gonar gwamnati, bai kai ƙarshe ba barci ya ɗauke shi, kansa a kafaɗar matarsa. A asibiti suka karɓe shi nan da nan, aka ɗora shi a kan injin wankin ƙoda, kuma daga ranar bai rabu da injin ba. Smaranda ta tare likitar da ta duba shi a baranda, ta tambaye ta ko makonnin da aka rasa ne suka kai shi haka. Likitar, wadda da gani ita ma a gajiye take, ta ce ƙodar ta daɗe tana lalacewa, mai yiwuwa da an zo da wuri an ɗan ja lokaci, mai yiwuwa kuma babu abin da zai sauya, ba wanda zai iya rantsuwa. Smaranda ta so a ce mata ɗaya daga ciki, ko wanne ne. Ba ta samu ba, har yau.

Duk hunturun nan ba ta karɓi sabon aiki ba. Ta buɗe kowace takarda da ta taɓa tsarawa, ta gidan burodi, ta madara, har ta makabarta inda babu lambar da za ta kashe kowa, ta cika kowane gurbi da lambar tara a jere har iyakarsa, ta buga, ta duba, ta faɗaɗa. Takardun gwaji suka taru a ƙarƙashin teburinta har ba ta da wurin miƙe ƙafa. Na ce mata ta sassauta wa kanta, mutumin yana raye. Ta ce ba don shi take yi ba, ta kasa yarda da idonta ne kawai.

Ranakun wankin ƙoda Moș Dumitrache yakan sauka a tasharmu ya canza mota, hanyarsa kuma ta gaban shagonmu ce. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga hula, ya ce, "Ina kwana, doamna mai taurari." Da zuciya ɗaya yake faɗa, har tuffa yake kawo mata a aljihu. Ita kuwa duk ya faɗa sai na ga kafaɗunta sun sauka. Safta takan tsaya can tsallaken titi da jaka, tana kallon wani wuri. Shekaru kaɗan suka yi suna wannan zirga-zirga, sannan muka daina ganinsu. Mioara ce ta gaya mana ya rasu a gida, lokacin yankan inabi.

Bayan abin nan Smaranda ta zagaya duk masu hulɗa da ita ta ce ta gaji, su nemi sabuwar manhaja daga birni, za ta taimaka a kwashe bayanansu. Ɗakin gwajin jini ya yarda, ta yi musu aikin kwashewar da hannunta, ranar da aka kashe tsohuwar kwamfutarsu ta dawo ta sayo mana kek. Kantunan magani manyan kamfanoni suka saye su, suka zo da nasu tsarin, ba wanda ya ko kira ta. Amma ofishin makabarta suka ce sai an sa musu a kasafi, ba a sa ba. Masu madara suka ce bari a ga baɗi. Tanti Veta ta ce saura kaɗan ta yi ritaya, a bar ta ta ƙarasa da abin da ta sani, ritayar kuma kullum tana gaba. Kowannensu in ya kira, da "wannan ce ta ƙarshe" yake farawa.

Tsofaffin kwamfutocin ma suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ni nake bin kasuwar 'yan gwangwan ina tsinto musu kayan gyara, ita kuma tana lallaɓa manhajar ta zauna a kan wani injin da ba a yi ta dominsa ba. Mahaifiyarta ta rasu. Ilinca ta yi aure ta haihu, ta ware wa uwarta ɗaki a Cluj, ta sa labule da gado. Smaranda ta je ta ga jika, ta yi mako, waya ta ishe ta, ta dawo.

Bara ciwon yanar ido ya rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya fara. Aka yi mata aiki, likita ya hana ta kallon allo har sai ya ba da izini. Tana gida kwana kaɗan Tanti Veta ta kira: an ce daga farkon wata dole takardar da ke bin burodi zuwa shaguna ta nuna abin da aka haɗa shi da shi, saboda masu cin wani abu ya tayar musu da ciwo. In babu layin, shaguna ba za su karɓa ba.

Da hantsi sai ga ta a shago da baƙin tabarau, tana lalube bango. Ta ja kujerarta ta juya wa kwamfutar baya, ta fuskanci ƙofa.

"Nea Aurel, wanke hannunka ka zo ka zauna. Yau kai ne idona."

Na ce ni da yatsa biyu nake bugawa, kuma ban san komai a cikin abin nan ba. Ta ce yatsa biyu sun isa, ba tsere za mu yi ba. Ta riƙa faɗa ina bugawa. Ta san kowane allo da ka: in danna kaza, zan ga jeri, in sauka na huɗu, in karanta mata abin da ke gefen dama. In na yi kuskure ta gane tun daga ƙarar madannin, ta ce in goge. Muka zana layin a sabuwar manhaja, muka cire mata abin da tsohuwar ba ta ɗauka, muka haɗa. Ta sa na cika gurbin da sunan burodi mafi tsawo da Veta ke da shi, da duk kayan haɗin da za a iya tunani, har da waɗanda ba a sawa a burodi. Bugu na farko haruffan suka hau kan juna. Na biyu tambarin ya ɓace. Wajen azahar na uku ya fito.

Na miƙa mata. Ta shafa takardar da yatsu daga sama har ƙasa, ta bi gefunan, ta maido min.

"Karanta min. Duka, har adireshin."

Na fara daga sunan gidan burodin. Na karanta titi da lambar waya, na shiga jerin burodi, fari da baƙi da mai iri a ka, kowanne da kayan haɗinsa, alkama, yis, gishiri, madara, ƙwai. Tana gyaɗa kai a kowane layi. Ban kai rabi ba na ga gyaɗawar ta tsaya. Kanta ya jingina da bango, bakinta ya ɗan buɗe, hannayenta a kan cinya. Barci take yi, da rana tsaka, mai takalma na ta buga guduma a maƙwabta.

Na ƙarasa karantawa a zuci, komai daidai yake. Wayar shago ta fara ƙara, na san Veta ce. Na yi sauri na ɗaga na ce mata takardarta ta fito, zan kawo da kaina an jima, kada ta sake kira yau.